Dartmoor: Filin Wa Iyalai Ke Yawo a Kai, Kuma Me Kotun Ƙoli Ta Halatta?

Idan mutum ya sayi fili da kuɗinsa, takarda tana hannunsa, ta yaya kotu za ta ce baƙo yana iya shiga da matarsa da 'ya'yansa, su yi yawo, su shimfiɗa tabarma su ci abinci, har su kafa tanti su kwana, ba tare da sun yi wa mai filin ko sallama ba? Tambayar da ta biyo bayan hukuncin da Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke ke nan ranar 21 ga Mayu 2025 a kan Dartmoor, wani gandun ƙasa da ke gundumar Devon a kudu maso yammacin Ingila.

Labarin ya yaɗu, kuma kamar yadda aka saba, ya yaɗu a karkace. Wasu sun ɗauka yanzu kowa na iya kafa tanti a duk inda ya ga dama a Ingila. Wasu kuma sun fahimci cewa wani attajiri ne ya so ya ƙwace filin gwamnati, kotu ta taka masa birki. Duka biyun kuskure ne. Filin na attajirin ne da gaske, kuma hukuncin bai wuce iyakar Dartmoor ba. Ga Bahaushen da ke zaune a Birtaniya yana neman inda zai fita da yara ranar hutu, da wanda ke bin labarin daga gida, sanin yadda abin yake ya fi jin wa ya yi nasara amfani.

Wane irin wuri ne?

Wanda ya ji an ce gandun ƙasa zai kawo itatuwa da namun dawa a ransa. Dartmoor tudu ne buɗaɗɗe mai faɗin murabba'in kilomita 954, galibinsa ciyawa ce da gajerun tsirrai masu fure ruwan hoda da wata ƙaya mai fure rawaya. Mutum yana iya tafiyar awa guda bai samu inuwar bishiya ba. A kan tuddan akwai tarin manyan duwatsu jere bisa juna kamar an ɗora su da hannu, mutanen wurin suna kiran kowane tari tor, kuma sun haura 160. Mafi tsayi shi ne High Willhays, mita 621. Wannan ba wani tsayi ba ne a lissafin masu hawan dutse, kuma shi ne ke yaudarar baƙi, kamar yadda za mu gani.

Ruwa ne ke mulkin wurin. Iskar da ke tasowa daga tekun Atlantika tana sauke ruwanta a kan tudun, har garin Princetown da ke tsakiyarsa yakan samu kusan milimita 2,000 a shekara. Ƙarƙashin ciyawar akwai wata baƙar laka ta ruɓaɓɓun tsirrai da ta taru cikin dubban shekaru, mai riƙe ruwa kamar soso. Daga cikinta kogunan Dart da Teign da Taw da Tavy da Plym suke fitowa, kuma birnin Plymouth yana shan ruwan madatsar Burrator da aka kammala a 1898.

Ba haka tudun yake tun asali ba. A dā akwai daji a yawancinsa. Mutanen zamanin tagulla ne suka sare shi don noma da kiwo, sannan yanayi ya ƙara sanyi da damshi, ƙasa ta yi tsami, noma ya gagara, aka bar wa dabbobi. Kufansu yana nan har yau. A Grimspound mutum zai ga gindin bukkoki 24 na dutse a cikin ganuwa ɗaya, shekarunsu sun haura 3,000. Bayansu aka yi masu haƙar kuza da masu fasa dutse. Wato abin da ake gani kamar jeji, wuri ne da hannun ɗan Adam ya daɗe yana juyawa.

Sunan na ƙasa, filin na mutane

A Najeriya, wuri irin Gashaka-Gumti yana hannun gwamnatin tarayya, akwai masu gadi, ana biyan kuɗi kafin a shiga. Tsarin Ingila daban ne. Lokacin da aka ayyana Dartmoor a matsayin gandun ƙasa a 1951, gwamnati ba ta sayi filin ba, ba ta kuma tashi kowa ba. Fiye da mutum 30,000 ne ke zaune a ciki, da ƙauyuka da coci-coci da makarantu da gonaki, har da tsohon kurkuku a Princetown da aka gina a farkon ƙarni na 19 don tsare fursunonin yaƙi na Faransa. Babu ƙofa, babu kuɗin shiga. Abin da mutum zai biya shi ne kuɗin ajiye mota a wasu wurare.

Hukumar gandun tana da iko a kan izinin gine-gine, tana da dokokin da take kafa wa masu ziyara da jami'ai masu sintiri, amma filin da ta mallaka kaɗan ne ƙwarai. Mai kaso mafi girma shi ne Masarautar Cornwall, wato dukiyar yarima mai jiran gado, wadda ke hannun Yarima William tun 2022. Sauran ya rarrabu tsakanin manoma, attajirai, kamfanin ruwa, hukumar gandun daji, da ƙungiyar National Trust mai kula da wuraren tarihi.

Sai kuma wani nau'in fili da shi ne tushen duk wannan shari'a. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na Dartmoor makiyaya ce ta gama-gari. Tana da mai ita, amma wasu gonaki na kewaye suna da haƙƙin gado na sakin tumaki da shanu da dawaki a kanta, haƙƙin da ke bin gonar ko da ta canja hannu. Don haka a kan fili guda akwai mai takarda, akwai mai haƙƙin kiwo, akwai kuma jama'a masu haƙƙin shiga. Ƙananan dawakin nan da ake gani suna yawo sakaka, waɗanda hotonsu ne tambarin gandun, kowanne da mai shi. Duk kaka ake koro su daga tudu a tara, a ware, kowa ya duba nasa.

Yadda talaka ya samu shiga

A farkon ƙarni na 20 yawancin tuddan arewacin Ingila a rufe suke, an keɓe su don masu kuɗi su riƙa harbin tsuntsaye na 'yan makonni a shekara. Ma'aikatan masaƙu da masana'antu na Manchester da Sheffield suna hango tuddan daga unguwanninsu masu hayaƙi, amma masu gadi na korar su da sanduna. Ranar 24 ga Afrilu 1932 wasu ɗaruruwan matasa, da wani Benny Rothman a gaba, suka hau tudun Kinder Scout da gangan. Aka yi 'yar hatsaniya da masu gadi, aka ɗaure mutum biyar na wasu watanni. Ɗaurin ya jawo musu tausayin jama'a fiye da yadda hawan ya yi.

Masana tarihi suna da saɓani a kan ko wannan hawan ne ya sauya doka, domin akwai ƙungiyoyin da suka shafe shekaru suna matsa wa majalisa lamba cikin ruwan sanyi. Ko ma mene ne, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a 1949, aka yi dokar da ta kafa gandayen ƙasa. Peak District, inda Kinder Scout yake, shi ne na farko a 1951, Dartmoor ya biyo baya a cikin shekarar.

A yau hanyoyi uku ne ke ba iyali damar taka filin wani a Dartmoor. Akwai tsofaffin hanyoyin jama'a da ke ratsa gonaki, waɗanda a Dartmoor kaɗai sun kai kusan mil 450. Kamar burtali suke: gona ta mai ita ce, amma ba shi da ikon toshe hanyar, mai wucewa kuma ba shi da ikon kauce mata. Kibiya rawaya tana nuna hanyar ƙafa, shuɗiya tana nuna wadda doki da keke ma ke bi. Sai dokar shekarar 2000 da ta buɗe tuddai da makiyayun da aka zana a taswira don tafiyar ƙafa, wadda ta shafi kusan kashi 8 cikin ɗari na ƙasar Ingila, amma ta hana kafa tanti ƙarara. Ta uku ta Dartmoor ce ita kaɗai: dokar makiyayun gama-gari ta 1985, wadda ta ce jama'a na da haƙƙin shiga makiyayun a ƙafa ko a kan doki domin shaƙatawa a sarari. A kan wannan jimla guda aka yi shekaru ana shari'a.

Shari'ar tanti

Alexander Darwall, attajiri mai harkar zuba jari, da matarsa Diana sun sayi gandun Blachford mai kusan eka 4,000 a kudancin Dartmoor a 2013. A cikinsa akwai wani yanki na makiyayar gama-gari da ake kira Stall Moor. Suna kiwon shanu a wurin, ana kuma shirya farautar tsuntsaye da barewa ta masu biya. Suka je kotu suna neman a bayyana cewa dokar 1985 ba ta ba kowa damar kwana a filinsu ba.

A watan Janairun 2023 Babbar Kotu ta ba su gaskiya. Cikin 'yan kwanaki dubban mutane, da yara a kafaɗa, suka yi tattaki daga ƙauyen Cornwood zuwa Stall Moor don nuna rashin amincewa. Hukumar gandun ta yi saurin ƙulla yarjejeniya da wasu masu filaye: za su bari a ci gaba da kwana a wasu wurare, ita kuma ta biya su. Abin da ya fusata mutane ke nan, domin abin da suke ɗauka haƙƙi ya koma alfarma, kuma mai alfarma yana iya janye ta gobe. Hukumar ta ɗaukaka ƙara, a watan Yulin 2023 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin farko. Darwall ya wuce Kotun Ƙoli, inda alƙalai biyar suka yi watsi da ƙararsa baki ɗaya.

Lauyoyinsa sun ce kalmomin «a ƙafa ko a kan doki» su ne iyakar abin da aka halatta, wato tafiya da hawa. Kotu ta ce kalmomin suna bayanin yadda za a shigo ne, don kada a shigo da mota, ba abin da za a yi bayan an shigo ba. A nan ne shari'ar ta shafi iyalin da ba su taɓa mallakar tanti ba. Da kotu ta amince da fassarar Darwall, da zama a ci abinci, da kallon tsuntsaye, da zane, da duk wani abin da ake yi a zaune sun shiga cikin shakka. Duk wanda ya taɓa fita da yaro ɗan shekara huɗu ya san cewa rabin tafiyar zama ne.

Ina gaskiyar kowane ɓangare?

A ganina kotu ta yi daidai, amma ba adalci ba ne a mayar da ƙorafin masu filaye abin dariya. Lokacin annobar korona, da tafiya ƙasashen waje ta gagara, mutane sun yi wa Dartmoor tsinke. A Bellever an kafa manyan tantuna, an sare itace an hura wuta, an bar shara da kashi a bakin kogi, har a watan Agustan 2020 hukumar ta hana kwana a yankin na wani lokaci. Makiyayi kuma yana da nasa kukan: karnukan baƙi na yayyaga tumaki, ana barin ƙofar shinge a buɗe, motoci na bige dawaki a kan titi duk da an ƙayyade gudu a mil 40 cikin awa. Shi ne ke kwashe asarar, mai ziyara ya riga ya koma birni.

Masu kare haƙƙin shiga suna cewa duk waɗannan laifuffuka ne tun kafin shari'ar, dokokin gandun sun hana su, maganinsu shi ne ƙarin jami'ai da ilimantarwa. Wanda ya zo da mota cike da barasa da lasifika ba zai fasa ba don wata kotu a Landan ta yi magana. Wanda zai fasa shi ne mai bin doka, wato malamin makaranta da ɗalibansa da uba mai son nuna wa ɗansa taurari. Wannan hujjar ce ta fi ƙarfi a wurina. Suna kuma nuni da Ten Tors, gasar da aka fara a 1960, wadda sojojin Birtaniya ke shiryawa a watan Mayu, inda matasa 'yan shekara 14 zuwa 19, shida-shida, suke tafiyar mil 35 ko 45 ko 55 cikin kwana biyu da kayansu a baya. Atisayen da suke yi na watanni kafin gasar ya dogara da damar kwana a tudu.

Akwai kuma wata rigimar da ba ta shiga kanun labarai sosai ba, alhali ta fi taɓa lafiyar tudun. Hukumar kare muhalli ta Ingila tana cewa yawancin wuraren da aka keɓe a Dartmoor sun lalace, tana ɗora wani ɓangare na laifin a kan yawan tumaki, musamman a lokacin sanyi, da ƙonan ciyawar da makiyaya ke yi don sabon toho. Makiyaya na cewa rage dabbobi ne ya bar wata muguwar ciyawa ta mamaye ko'ina. Rigimar ta kai gwamnati ta naɗa kwamitin bincike ƙarƙashin David Fursdon, wanda ya ba da rahoto a ƙarshen 2023. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: tantin mutum biyu na dare ɗaya ba shi ne ya busar da lakar tudun ba.

Abin da hukuncin bai ce ba

Bai shafi Lake District ko Peak District ko Exmoor ko wani gandu na Ingila da Wales ba. A can sai da izinin mai fili. Scotland ce ke da dokar 2003 da ta buɗe kusan ko'ina. Ko a cikin Dartmoor, makiyayun gama-gari kawai ya shafa, su ma ba duka ba, shi ya sa hukumar gandun ke da taswira a shafinta na intanet da ke nuna inda aka yarda. Ƙa'idar ita ce duk kayan mutum su shiga jakar bayansa, ya kwana ɗaya ko biyu, ya nisanci titi da aƙalla mita 100, kada a hango shi daga titi ko gidaje, kada a wuce mutum shida, kada a hura wuta a ƙasa. Babban tantin iyali da ake saukewa daga bayan mota ba ya cikin lissafi, kwana a cikin mota a gefen hanya ma haka. Iyali mai ƙananan yara, in suna son kwana, sansanin haya na wata gona ya fi musu, akwai bayan gida da ruwan famfo.

Ina ya dace da yara?

Ga mai zuwa karon farko, Haytor ne ya fi sauƙi, a gefen gabas. Dutsen yana kan mita 457, amma mota ce ke hawa yawancin tsayin, abin da ya rage gajeren hawa ne a kan ciyawa. Akwai cibiyar baƙi a gindinsa. In sama ta yi garau ana hango teku. Bayan dutsen akwai tsohon wurin fasa dutse da ruwa ya taru a ciki, da wata hanyar dogo ta 1820 wadda ba ƙarfe aka shimfiɗa mata ba, dutse aka sassaƙa, dawaki ke jan kekunan. Yara kan bi layin suna neman inda ya rabu biyu. Hawa kan dutsen kansa kuwa wata magana ce: akwai gefe mai gangara sosai, ba shinge, hannun yaro ya zauna a cikin na babba.

A Postbridge akwai tsohuwar gada ta manyan falalen duwatsu a kan kogin East Dart, da wata cibiyar baƙi mai ba da labarin kayan da aka samo daga wani kabari na zamanin tagulla da aka tono a Whitehorse Hill a 2011. Kusa da nan dajin Bellever yake, na itatuwan dashe, mai faffaɗan hanyoyi da ke kare iska, daga cikinsa ake fita zuwa Bellever Tor.

Mai keken turin jariri ko keken mara lafiya ya nemi tsofaffin hanyoyin jirgin ƙasa, domin jirgi ba ya son tudu. Granite Way tana da mil 11 daga Okehampton zuwa Lydford, tana bi ta kan doguwar gadar ƙarfe ta Meldon, ba lallai ne a gama ta ba. Wadda ta tashi daga Princetown zuwa King's Tor ta fi tsakuwa amma ta fi ba da ɗanɗanon tsakiyar tudu. Hukumar tana da jerin hanyoyin da ba su da matakalar tsallake shinge, ta rarraba su gwargwadon sauƙi.

Abin da ke sa yaro ya manta da gajiya shi ne nema, kuma Dartmoor na da daɗaɗɗen wasan nema. A 1854 wani ɗan jagora mai suna James Perrott ya ajiye kwalba a Cranmere Pool, wani lungu mai wuyar zuwa, don masu isa wurin su bar katinsu. Daga nan al'adar ta bunƙasa: ana ɓoye ƙananan akwatuna a ƙarƙashin duwatsu, kowanne da hatimi da ɗan littafi, mai nema ya buga hatimin a nasa littafin ya mayar da akwatin yadda ya same shi.

Wistman's Wood kuwa, ɗan kurmin tsofaffin itatuwa gajeru da gansakuka ta lulluɓe, wanda hotunansa suka cika Instagram, ni ba zan sa shi a jerin farko ba. Yawan ƙafa da masu ɓamɓare gansakuka sun yi masa illa, har ana roƙon baƙi su tsaya daga gefe. Kai yara wurin da za a yi ta ce musu kar ku taɓa ba hutu ba ne.

Abin da ke cutarwa

Ba zaki, ba kura, ba ɗan fashi. Hazo ne babban abokin gaba. Yana iya sauka cikin mintuna, ya shafe duwatsun da mutum ke bi da ido, ko'ina ya zama iri ɗaya. A saman tudu babu alamun hanya, sabis na waya yana zuwa yana tafiya, sanyi kuma yana shanye batir. Shi ya sa masu tafiya ke riƙe taswirar takarda mai lamba OL28 ta hukumar safiyo da kamfas. Wanda bai iya amfani da su ba ya tsaya a hanyoyin da aka ambata a sama, babu abin kunya a ciki.

Sanyi da jiƙa su ne na biyu. Ana iya barin birnin Exeter da ke kusa da rana, a tarar da iska da yayyafi a sama ko a watan Yuli. Jikin yaro ya fi na babba saurin yin sanyi, musamman jaririn da ke goye ba ya motsi. Rigar ruwa, rigunan sanyi da za a iya ƙarawa ko ragewa, takalmi mai kauri, safa ta canji, filas na shayi da abinci fiye da yadda ake zato. Wandon jins da doguwar rigar auduga in sun jiƙe ba sa bushewa. A watan Disamba rana na faɗuwa wajen ƙarfe huɗu, don haka Azahar da La'asar da Magariba duk suna iya samun mutum a waje, a lissafa da wuri.

Dausayin tudu yana da wayo. Inda ciyawa ta fi kore shar, nan ne ƙafa ke zurmawa. Yawanci abin da ake asara takalmi ne da mutunci, amma yaron da ya jiƙe har cinya da nisan awa guda daga mota yana cikin matsala. Rafuka sun fi haɗari: wanda aka tsallake da safe yana iya zama kogi da yamma in an yi ruwa a sama. A 2007 wata ɗaliba 'yar shekara 14 ta rasu a wani rafi da ya cika lokacin atisayen Ten Tors. In ruwa ya ƙaru, a zagaya ko a koma.

Arewacin tudun filin atisayen soja ne, kashi uku: Okehampton, Merrivale da Willsworthy. Turaku masu ja da fari ne ke nuna iyaka. Jar tuta da rana ko jar fitila da dare na nufin ana harbi da harsashi na gaske. Ana buga jadawalin a intanet, a duba kafin a fito. Duk wani ƙarfe da yaro ya gani a ƙasa a yankin, kada ya ɗauka.

Dawakin ba su da tsoron mutum, amma suna cizo suna harbi, kuma ba su abinci laifi ne a dokar gandun, domin yana koya musu tsayawa a bakin titi inda mota ke kashe su. Saniya mai ɗan maraƙi a ba ta hanya da nisa. Mai kare ya ɗaure shi daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Yuli, lokacin haihuwar tumaki da ƙwan tsuntsayen da ke sheƙa a ƙasa. Akwai kaska a cikin dogayen ciyayi, wasu na ɗauke da cutar Lyme, don haka a duba jikin yara da dare, bayan kunne da hammata da bayan gwiwa. Akwai maciji mai dafi iri ɗaya, ɗan dangin kububuwa, mai gudun mutane. In abu ya ɓaci, a kira 999 a nemi 'yan sanda, a ce musu ana buƙatar masu ceto na tudu. 'Yan sa-kai ne, kuma ba a biyan ko sisi.

Wa ke amfana, me zai biyo baya?

Haƙƙi a takarda ba ya kai mutum bakin tudu. Rahoton da Julian Glover ya jagoranta a 2019 a kan gandayen ƙasar Ingila ya nuna cewa talakawa da baƙaƙen fata da 'yan asalin Asiya ba sa zuwa gwargwadon yawansu a ƙasar, har ya ba da shawarar kowane ɗan makaranta ya samu daren kwana ɗaya a ƙarƙashin taurari. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: rashin mota, tsadar takalma da rigunan ruwa na mutum biyar ko shida, rashin wanda ya taɓa zuwa a cikin dangi, da tsoron kallon da za a yi wa mace mai hijabi a ƙauyen da babu irinta. Tsoron ba na banza ba ne. Lokacin da ƙungiyar Muslim Hikers, wadda Haroon Mota ya kafa, ta hau Mam Tor a Peak District ranar Kirsimetin 2021, hotunanta sun jawo zagi a intanet, ko da yake waɗanda suka kare ta sun fi yawa, kuma tafiye-tafiyenta sun ci gaba da cika.

Ta fuskar sufuri an samu sauƙi guda: a watan Nuwamban 2021 aka dawo da jirgin fasinja na kullum tsakanin Exeter da Okehampton, bayan kusan shekara 50, kuma Granite Way daga tashar take farawa. Tsakiyar tudun kuwa har yanzu sai mai mota, bas kaɗan ne.

Masu fafutuka suna son a yi wa Ingila doka irin ta Scotland. Jam'iyyar Labour ta taɓa nuna sha'awar hakan tana adawa, amma ta ja da baya kafin zaɓen 2024, ta yi alkawarin sababbin hanyoyin bakin kogi tara da sababbin dazuzzuka uku a maimakonsa. Ƙungiyoyin manoma da masu filaye suna nan a kan bakansu. A Dartmoor kuma kuɗin da gwamnati ke ba hukumar ya yi shekaru yana raguwa in aka yi la'akari da tsadar kaya, har a 2025 ta sanar da rufe cibiyar baƙinta ta Princetown. Hukuncin kotu ya ƙara wa wurin suna, ƙarin suna kuma ƙarin baƙi ne, a daidai lokacin da jami'an da za su nuna musu hanya su kuma kashe wutar da suka bari ba su ƙaru ba. Idan shara da gobara suka yawaita, hukumar tana da ikon tsaurara dokokinta ta rage wuraren kwana, kuma hukuncin Kotun Ƙoli bai hana ta yin hakan ba.